Garin Gyaran Gira

A idon kyamarata mai faɗi akwai wani tabo, can gefe daga sama, faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba. In ka dubi gilashin kai tsaye ba za ka gan shi ba. Sai ka karkata shi wajen taga, hasken safe ya kwanta a kansa, sannan za ka ga inda ƙyallin nan mai ruwan kore da shuni ya dushe, wasu siraran layuka sun zagaya kamar sawun tsintsiya a tsakar gida. Idon bai taɓa faɗuwa ba, ba kuma yaro ne ya karce shi ba. Ni na yi masa wannan tabo da hannuna, da bakin rigata, a gindin Ƙofar 'Yandaka, wata ranar hunturu bayan la'asar. Abin haushin kuwa, sa'ad da nake ɓarnar gani nake gyara nake yi.

Mu 'yan sana'a lens muke ce masa. Maigidana da ya koya mini hoto kuwa bai taɓa kiransa da wani suna ba sai ido. Yakan ce kyamara akwati ce, ido shi ne dukiya. Da sunan da ya ba shi zan ci gaba da kiransa a nan.

Na fara bin maigidana ina ɗan sakandare, kafin a cire Katsina daga jihar Kaduna a 1987. Shagonsa ɗan ƙarami ne a cikin gari: labule mai zanen benaye da jirgin sama, kujera ɗaya, da tukunyar furen roba da kusan duk amaren unguwarmu suka dafa a hoto. Kyamararsa Yashica ce, idonta ɗaya tak, mai lamba 50, wanda ke ganin duniya kusan yadda mutum ke ganinta. Fim ɗin Kodak ko Fuji ake sa mata mai ɗauka 36, kowace ɗauka kuɗi ce, ba a danna maɓalli don gwaji. In aka kira mu taron suna ko walimar sauka, mutane suka fi ƙarfin ido, dabara biyu ce kawai. Ta farko, a ce wa jama'a, "Ku matsu, ku matsu!" Ta biyu, mai hoto ya ja da baya. A wancan zamani faɗin hoto a ƙafar mai hoto yake.

Kuma akwai wurin ja da bayan. Ƙofar 'Yandaka tana ɓangaren yamma na birni, ta nan ake kama hanyar Batsari. Sunanta na tafiya da sarautar 'Yandakan Katsina, hakimin Dutsin-Ma, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki. Ta cikinta Gwamna Lugga ya shigo Katsina a 1903, zamanin Sarki Abubakar, bayan Kano da Sakkwato sun shiga hannun Turawa. Duk wanda ya tashi a wajen ya ji wannan labari tun bai san amfaninsa ba. Abin da ni na sani da idona shi ne, ina yaro in ka fita ƙofar ka juyo kana kallonta, kana iya ja da baya iya son ranka, ba abin da zai tare ka sai jaki ko mai keke. Sama a buɗe take, ragowar ganuwa na kwance nan da can kamar raƙuman da suka durƙusa.

Maigidana yana da wani gwangwanin madara da ba mai taɓa shi. A ciki akwai gashin tsuntsu guda mai laushi da wani tsohon ƙyallen alawayyo da aka wanke har ya zama kamar auduga, ba sitaci ba shuni. Ranar Juma'a da safe yake fito da su. Ya kifa kyamara, idonta na kallon ƙasa, ya kaɗe da gashin a hankali, ya ɗaga ya duba, sau da yawa ma ya mayar da ƙyallen bai yi amfani da shi ba. Na shekara biyu ina ɗaukar masa jaka kafin ya bari na riƙe kyamarar, ban da gilashin. Ran da ya ga na kai yatsa zan cire wata 'yar ƙura, sai ya buge mini hannu.

"Mi za ka yi?"

"Maigida, ƙura ce."

"Bar ta nan. Ƙura ba ta cin hoto, hannunka ke cin hoto."

Na ce to, amma a raina na ɗauka tsufa ne da rowar kaya.

Daga nan gari ya fara cika. Katsina ta zama babban birnin jiha, ma'aikata suka dawo daga Kaduna, 'yan kasuwa suka biyo su. Filaye suka zama fuloti, fuloti suka zama gidaje da shaguna. Wayoyin lantarki suka ratsa sama, allunan talla suka tsaya a kowace kwana, 'yan acaɓa suka cika titi, daga baya Keke Napep ta zo ta ƙara. Wurin da nake tsayawa da in ɗauki ƙofa ya zama tsakiyar hanya. Haka abin yake a cikin gari. Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta ginin ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, tsawonta wajen mita 15 ne, gidaje sun kewaye ta. In ka ja da baya don ka samo kanta da gindinta a hoto ɗaya, bangon wani za ka jingina da shi. Biki ma ya sauya. Da hoton ango da amarya da dangi ake so. Aka wayi gari iyayen amarya na son a ɗauki jere gaba ɗaya, gado da sif da madubi da labule, a ɗakin da in mutum uku suka shiga na huɗu sai ya tsaya a bakin ƙofa. Ƙafa ta daina yi mini aikin da take yi wa maigidana.

Wannan ne ya kai ni ga ido mai faɗi. Lokacin fim ya riga ya mutu a hannunmu, kowa ya koma dijital, har kamfanin Kodak da muka tashi muna ganin ba ya da ƙarshe ya durƙushe a 2012. Kamfanin Nikon ya fito da wani ido a 2007, mai lamba 14 zuwa 24, wanda duk mai hoton da ya gan shi a mujalla sai da ya haɗiyi yawu. Sabo ya fi ƙarfina. Sai bayan shekaru na samu na hannu a Kano, na sayar da babur ɗina na cika da kuɗin adashe. Ran da na kawo shi gida uwargida ta ɗaga shi ta ce, "Wannan dutsen niƙa ka sayar da babur a kansa?" Ba ta yi ƙarya ba, nauyinsa ya kusa kilo guda.

Wanda bai taɓa leƙa irin wannan ido ba zai sha mamaki. Tsohon idon maigidana yana ganin abin da bai wuce digiri 47 ba. Wannan kuwa in ka buɗe shi duka digiri 114 yake kwasowa. Ka tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ya ɗauko bango uku da rufi da daɓe, in ba ka yi hankali ba har da yatsun ƙafarka. Na tsaya kusa da Gobarau na samo ta tun daga tushe har kai. A filin Kangiwa ranar hawan Sallah, na durƙusa gaban Ƙofar Soro na samo dawakai da 'yan kallo da sararin sama a ɗauka ɗaya. Amma yana da halinsa. Abin da ke kusa yakan kumbura, na nesa ya tsuke, wanda ke gefe kuma ya miƙe. Dokin da ya matso sai ka ga hancinsa ya fi mahayinsa girma. A wani biki na jera mata, gwaggon amarya ta faɗo a ƙarshen layi. Da na kai hotuna ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago.

"Malam mai hoto, mi na yi maka?"

"Lafiya, Hajiya?"

"Kowa ka bar shi yadda Allah Ya yi shi, ni ka maishe ni buhun gero."

Tun daga ranar, manya a tsakiya nake sa su, yara a gefe, su ba sa ƙorafi.

Sai dai faɗin nan da kuɗinsa yake zuwa. Don ido ya ga gefe da gefe haka, dole gilashinsa na gaba ya turo waje, ya yi tulluwa kamar rabin ƙwarya a kife. Sauran idanu suna da zare a baki, ka ɗaura musu wani gilashin kariya mai araha, in ya karce ka jefar ka sayi wani. Wannan ba shi da wurin ɗaurawa. Abin da ke tsakaninsa da duniya shi ne 'yar rumfar da aka ƙera shi da ita, mai kama da kunnuwa, sai murfin da ake zura masa kamar hula. Da ka cire murfin, to tsirara yake a gaban iska da ƙura da yatsun yara. Kuma saboda irin wannan ido kusan komai a sarari yake gani, na kusa da na nesa, abin da ya zauna a kan gilashinsa ya fi saurin fitowa a hoto, musamman in an tsuke ƙofar haske ko an fuskanci rana. Rana kuwa da wuya ka kauce mata, tunda rabin sama yake kwasowa.

Ƙyallin nan mai ruwan kore da shuni, wanda ke tuna mini da rawani ɗan Kura da ya sha bugu, ba ado ba ne. Wani siririn shafe ne da ake yi wa gilashi, kuma shi ne rabin kuɗin ido. Gilashin da ba a shafe ba, duk fuskar da haske ya buga sai wajen kashi 4 cikin 100 ya dawo baya, shi ya sa kake ganin inuwarka a tagar mota. Kashi huɗu kamar ba komai ba ne. To amma a cikin idon nan nawa gilasai 14 ne aka jera rukuni 11, wato fuska 22 ke nan da haske zai ratsa. In kowace ta ci kashi huɗu, fiye da rabin hasken ya salwanta kafin ya kai ciki. Wanda ya salwanta ɗin ma ba fita yake ba, yawo yake tsakanin gilasai yana zuba wa hoto hazo.

Yadda aka gano maganin akwai abin dariya a ciki. A 1886 wani masani a Ingila, Lord Rayleigh, ya lura cewa tsohon gilashin da fuskarsa ta dafe ya fi sabo dal barin haske ya wuce. Dattin tsufan ne ya zama masa riga. Aka yi ta neman yadda za a yi wannan da gangan, har a 1935 Alexander Smakula, ɗan asalin Yukren da ke aiki a kamfanin Carl Zeiss a garin Jena na Jamus, ya samo hanyar kwantar da shafen a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska. Jamusawa suka riƙe abin a matsayin sirrin soja, don amfaninsa a madubin hangen nesa. A 1971 kamfanin Pentax na Japan ya baza idanu masu shafe hawa-hawa a kasuwa, sauran suka bi. Kaurin hawa ɗaya wajen kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita ne. Silin gashin kanka ya ninka shi sau ɗaruruwa. Launin da kake gani a kansa, irin wanda kake gani ne in baƙin mai ya zuba a kududdufi a bakin garejin makanikai.

A kan wannan abu, da ya fi fatar albasa siranta nesa ba kusa ba, na ɗora bakin riga.

Hunturu ne, irin ranakun da gari ke wayewa fari fat, rana ta zama kamar faifai. Ƙurar nan da muke shaƙa daga Nuwamba zuwa Maris, mai yawanta daga nesa take. Akwai wani kwari a arewacin Chadi, Bodele, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe, wanda masana ke cewa babu wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Iskar arewa maso gabas ke kwaso ta, ta ratsa Nijar, ta haɗa da tamu ta gida, ta sauke mana a kan gado da cikin tuwo. A hannu laushi gare ta kamar hoda. Amma a cikinta akwai ɓarɓashin ƙanƙarar dutse, wadda a ma'aunin taurin duwatsu mai hawa goma take hawa na 7, gilashi kuwa bai cika wuce na 6 ba. Ƙyalle da ƙura in suka haɗu a kan gilashi, samfefa ke nan.

Ranar daga ɗaurin aure nake, sanye da shadda mai sitaci, na biyo ta ƙofa zan wuce gida. Sai na ga rana ta sauko daidai, hazo ya rage mata kaifi, ga wasu mahaya uku sun doso ƙofar daga waje, ƙura na tashi a ƙafafun dawakansu kamar zinariya. Irin hoton da mutum kan shekara yana jira. Na tsaya, na zare murfi, na ɗaga kyamara, sai na ga dishi-dishi a gefe. Wani yaro ne a wajen ɗaurin auren ya dangwala yatsa mai maiƙon nama, ƙura ta bi ta manne. Jakar kayan shara tana gida. Mahaya suna matsowa. Na huro iska da baki, na kama bakin riga na murza, bai fita ba, na ƙara murzawa da ƙarfi. Na ji wani ɗan ƙaras a ƙarƙashin yatsana, ƙarar da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Na ɗauki hoton. Da dare na kunna fitila na karkata gilashin, na ga aikina.

Washegari na kama hanyar Kano, wajen wani dattijo mai gyaran kyamara a Sabon Gari. Ya sa madubinsa a ido ya daɗe yana juya shi.

"Alhaji, wannan ba datti ba ne da zan wanke maka. Ciwo ne."

"Ba a sake shafa masa?"

Ya yi murmushi. Ya ce shafen a masana'anta ake yinsa, a cikin injin da babu iska, ba fenti ba ne da za a samo a gwangwani. Hanya ɗaya ce, a yi odar gilashin gaban gaba ɗaya daga waje, kuɗin kuma in na ji sai na gwammace in ƙara kaɗan in sayi wani idon. Ya ce in bar shi haka, zai yi mini aiki shekara da shekaru, in dai na san inda zan tsaya da rana. Da zan fita ya ƙara da cewa, cikin idanu goma da ake kawo masa da irin wannan ciwo, da wuya ka samu wanda ƙura ta yi wa ita kaɗai, masu su ne garin tsafta. A mota ina dawowa, muryar maigidana kawai nake ji. Allah Ya jiƙansa, ya riga ya rasu lokacin, ban samu na ce masa ya yi gaskiya ba.

Dattijon bai yi kuskure ba. A inuwa ko a ɗaki, tabon ba ya nuna kansa. Amma in rana ta shigo ta ɓangarensa, sai wani farin hazo ya zauna a kusurwar hoto, kamar an hura hayaƙi. Na koyi kare shi da tafin hannu ko da hula, na koyi matsawa taku ɗaya. Na kuma koyi abin da ya kamata in koya tun a shagon maigidana. Yanzu a jakata akwai 'yar robar hura iska, da buroshi mai laushi da ba ya taɓa komai sai gilashi, da ƙyalle na musamman a cikin leda. In kifa ido ƙasa, in hura, in kaɗe, in duba. Sau tara cikin goma a nan aikin ke ƙarewa. Sai in akwai maiƙo nake kai ƙyalle, in ɗiga ruwan wankin gilashi a kan ƙyallen, ba a kan idon ba, in fara daga tsakiya in zagaya zuwa baki, da nauyin da bai fi na shafa kan jariri ba. Ba takardar goge hannu, ba ruwan wanke taga, ba hurawa da bakin da ya ci goro.

Kowane lokaci na shekara da nasa sharrin. Da hunturu murfi ba ya barin ido sai zan danna, kuma ba na sauya ido a fili. Da bazara, sa'ad da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ba na barin jaka a mota. Da damina, musamman Agusta, fumfuna ce abokiyar gaba, tana tsiro a cikin gilashi kamar saƙar gizo, in ta daɗe ta cinye shafen. Maganinta bushewa da iska, shi ya sa nake tara 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, in zuba a akwatin kaya. A gidan biki kuwa, turaren wuta da na fesawa su ne nake gudu. In ƙawayen amarya suka fara feshi, ni da kyamarata muna waje.

Kakana na wajen uwa magini ne, kuma sai bayan wannan tabo na fahimci wata magana tasa. Yakan ce ginin ƙasa ba ruwa ke kashe shi ba, rashin riga ne. Rigar kuwa ita ce yaɓe da shafe. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, a jiƙa a shafe bango ko a daɓe ƙasa da ita. Laso kuma haɗi ne na katsin marina da gashin jima da dafara, wanda in aka shafe soro da shi ruwa sai dai ya zame ya wuce. Kaurin wannan riga bai taka kara ya karya ba in ka gwada da kaurin bango, amma ita ke riƙe da shi. Haka ganuwa ta rayu ɗaruruwan shekaru: damina ta wuce, a yi gayya, a toshe inda ya zaizaye. Da Turawa suka zo, yaƙi ya ƙare, gayyar ta mutu. Ruwa ya samu tsaga, mutane suka samu ƙasar tubali a ɓagas, daga baya masu neman fili suka hau kan abin da ya rage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na ga kuma ɗaya ɓangaren a cikin gari. Mutum ya gaji tsohon zaure na ƙasa, yana son ya mutunta shi, sai ya sa a lafta masa siminti. Shekara biyu uku abin gwanin kyau. Ashe danshi ya maƙale a ciki ba hanyar fita, ƙasa tana ruɓewa a ɓoye, wata rana simintin ya ɓanɓaro ya taho da rabin bango. Wannan mutum ɗan'uwana ne, shi da siminti, ni da bakin riga. Ganuwa hannu take so duk shekara, aka hana ta. Gilashi so yake a ɗauke masa hannu, na ƙi. Kafin mutum ya ce zai kula da abu, sai ya fara sanin irin kulawar da abin ke ɗauka.

Yau abin da na sayar da babur dominsa yana aljihun 'yan sakandare. Tun da iPhone 11 ta fito a 2019 da ido mai ganin digiri 120, wanda ya ɗara nawa faɗi, wayoyi da yawa suka bi sahu. Yaro ya danna 0.5, ya ɗauki abokansa goma da rabin titi, ya goge wayar a cinyar wando ya mayar aljihu. In gilashin kariyar ya fashe, ya je 'yan waya a liƙa masa wani. Sababbin idanun kyamara ma ana yi musu wani ƙarin shafe mai santsi, wanda ruwa da maiƙo ba sa kama shi sosai. Ba na jin haushin wannan sauƙi, duk da ya rage mana ciniki. Yaron da ke bina yanzu yana da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, ya fi ni sanin kwamfuta, abin da yake yi da hoto a minti biyar da sai mu kwana a kansa. Amma kwanan baya a wajen wani taro na hango shi ya kama gefen rigarsa ya doshi gilashi. Ban san sa'ad da na buge masa hannu ba.

"Oga, ƙura ce fa."

Na zare idona mai faɗi daga jaka, na karkata masa shi a rana, na ce ya duba. Ya duba, bai ce komai ba, ya saki rigar.

Akwai wani abu da sai kwanan nan na lura da shi, da nake juya tsofaffin hotunan da na ɗauka a ƙofa da wannan ido. Abin da na nufa da kyamara, ango ne ko mahayi ko motar wani babba, yanzu bai cika jan hankalina ba. Gefen hoton nake kallo. Ga teburin mai shayin da ya tashi, ga bishiyar da aka sare, ga wani guntun ganuwa da a hoton bara waccan yana nan, a na bana shago ne. Ban nufe su ba, faɗin ido ne ya kwaso su. Kuma hasken da ke zana gefen hoto ta gefen tulluwar gilashin yake shiga, daidai inda na murza. Wurin da na raina a gilashi, shi ke ɗauke da abin da ya fi tsada a hoto.

Don haka ga roƙona ga matasan da suka gaje mu, masu kyamara da masu waya. In kun ga ƙura a ido, ku hura kafin ku goge, in hurawa ta isa ku bar shi haka. Sannan ku zagaya Ƙofar 'Yandaka da Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri da Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da sauransu, duk inda kuka ga ragowar ganuwa ko tsohon zaure, ku buɗe ido iya faɗinsa ku ɗauka, har da mai shayi da mai faci da ke gefe. Kada ku bar hoton a waya, waya tana ɓata tana mutuwa. Ku kai a wanke muku shi a takarda, ku juya bayansa ku rubuta sunan wurin da kwanan wata.